Victor Hasselblad, ɗan fatake da hajarsa ta kai duniyar wata

Yau za mu leƙa ƙasar Suwidin, mu kawo muku tarihin wani mutum da hajarsa ta so ta ba shi kunya tun fitowar fari, daga baya kuma ita ce ta ɗaukaka sunansa.

An haifi Victor Hasselblad ran 8 ga Maris 1906 a birnin Göteborg. Gidansu gidan fatauci ne tun 1841, su ne kuma dillalan kayan hoto na Kodak a ƙasar. Yana ɗan shekara 18 mahaifinsa ya tura shi Jamus koyon sana'ar kamara, ya zaga har Faransa da Amurka. Da ya dawo gida, jituwa ta gagara tsakaninsa da mahaifin, sai ya ware ya buɗe kantinsa a 1937.

A 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya, sojan ƙasarsu suka nemi ya ƙera musu kamarar ɗaukar hoto daga jirgin sama. Nan hannunsa ya faɗa. Amma shi mutum ne mai son hoton tsuntsaye, burinsa ya samu kamara marar nauyi wadda za ta fitar da gashin tsuntsu sarai.

A 1948 ya baje ta a New York da sunan 1600F. Ɗan akwati ne da ake riƙewa daidai ciki, a sunkuya a leƙa ta sama. Naɗin fim guda hoto 12 kawai yake ci, kowane santimita 6 tsawo 6 faɗi, ya ninka na ƙananan kamarori fiye da sau uku, shi ya sa ko an faɗaɗa hoton ba ya dushewa. Ana kwance gilashin gaba a ɗaura na nesa ko na kusa. Gidan fim na baya ma ana cire shi a sa wani, ko da na cikin bai ƙare ba.

Sai dai ƙyauren da ke buɗe wa haske hanya ƙarfe ne siriri, yana yawan lalacewa. Ku da ke kasuwa kun san halin da mai haja ke shiga idan aka fara dawo masa da kaya. Hasselblad ya koma bakin aiki, yana gyara yana sakewa. Sai a 1957, bayan shekara 9, ya fito da 500C, wadda ƙyaurenta ke cikin gilashin Zeiss na Jamus. Wannan kam ta yi ƙarko.

A 1962 ɗan sama jannatin Amurka Walter Schirra ya tafi da ita sararin samaniya. A 1969 da Hasselblad aka ɗauki hotunan mutanen farko da suka taka wata. Don rage nauyi, gidajen fim kaɗai suke dawowa da su, shi ya sa har yau kamarori 12 suna can ajiye.

Ya mutu ran 5 ga Agusta 1978, ya bar dukiyarsa ga gidauniyar da ke karrama gwanayen hoto. A 2003 kyautar ta zo nan maƙwabta, hannun Malick Sidibé na Bamako, ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Sai mun sake saduwa, a yi ciniki lafiya.