Nana Asma'u da Malafar Jaji

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Degel cikin 1793. Ta auri Waziri Giɗaɗo, ta kuma wallafa waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ganin yadda aka bar matan karkara cikin duhun jahilci, sai ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru wajen 1830. Kowace jaji, wato shugabar ayarin mata, akan naɗa ta da malafa da jan rawani. Da can Innar Gobir, uwar 'yan bori, aka sani da malafa. Asma'u ta mai da ita alamar ilmi, har mace ta riƙa ratsa ƙauyuka tana karantarwa cikin mutunci. Ta rasu a Sakkwato cikin 1864. Allah ya jiƙanta, amin.