Amadu Kuran Daga: Sarkin Damagaram da mulkinsa ya ƙare a Tirmini

Baƙon da ya ware yini guda domin zaga wuraren tarihi na Damagaram yakan fara da fadar sarki a cikin Birni, ya ɗaga kai ya hangi tsohon barikin soja a bisa duwatsu, wanda Faransawa suka raɗa wa suna Fort Cazemajou. Idan da sauran lokaci, sai ya kama hanyar Maradi zuwa garin Tirmini da ke yamma da birnin. Labarin mutum guda ne ya haɗa waɗannan wurare uku, wato Sarki Amadu ɗan Tanimun, wanda aka fi sani da Kuran Daga, sarki na ƙarshe da ya mulki Damagaram ba tare da umurnin Nasara ba.

Mahaifinsa, Tanimun ɗan Sulaiman, shi ne ya ɗaukaka daular. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa maƙera suna ƙera igwa a cikin gari. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas kan sauka a Zango kafin su wuce Kano, fada kuma tana karɓar rabonta. Tanimun ya rasu a 1884, ɗansa Sulaiman ɗan Aisa ya hau gadon sarauta a cikin wannan shekarar, sannan sarauta ta zo hannun Amadu a 1893.

Shekarar ta zo da babban sauyi. A cikinta ne Rabe ya ci Borno, ya rushe Kukawa. Damagaram, wadda ta daɗe tana kai gaisuwa ga Shehun Borno, ta wayi gari babu uban gida a kanta, amma da maƙwabci mai haɗari a gabas. Sabon sarkin ya juya dakarunsa kudu, ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Alu, rundunarsa ta kai har Gezawa, kusa da birnin Kano. Laƙabinsa ma na fagen daga ne. Sai dai talakan ƙauye ne ya ɗanɗana kuɗar waɗannan yaƙe-yaƙe, domin ana ƙone garuruwa, ana kama mutane a sayar da su bayi.

Cikin watan Afrilun 1898, wani hafsan Faransa, Kyaftin Marius Gabriel Cazemajou, ya iso Damagaram daga Say, tare da tafintansa mai suna Olive da ƴan tsirarun sojoji baƙar fata. An yi masa saukar baƙo. Amma manufarsa ita ce ya wuce gabas ya sadu da Rabe, wannan kuwa shi ya tayar da hankalin fada: idan Rabe ya haɗa kai da Faransa, Damagaram za ta shiga tsaka mai wuya. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintan nasa, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya. Sojojinsa sun yi kwanaki suna kare sansaninsu, kafin su janye su koma yamma.

Wannan kisa ya ba Faransa hujjar da take nema. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana kisa da ƙone-ƙone, daga Lugu inda ta yi karo da Sarauniya Mangu, zuwa Birnin Ƙonni inda aka yi wa jama'a kisan gilla. A tsakiyar watan Yuli, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya karɓe jagoranci daga hannunsa, sojojin suka juya wa shugabannin nasu biyu baya suka kashe su. Kaburburan da ke ɗauke da sunayensu suna Maijirgi, kusa da Tasawa. Sauran rundunar, a ƙarƙashin Laftanar Pallier tare da Joalland da Meynier, ta ci gaba da tafiya gabas.

Kuran Daga bai tsaya bayan ganuwa yana jira ba. A ƙarshen watan Yulin 1899 ya fito da mahaya dawaki da ƴan bindiga, ya tare su a Tirmini. Mutanensa sun fi yawa, amma bindigar gargajiya da mashi ba su iya da bindigogin zamani masu cin dogon zango ba. Rundunar Damagaram ta watse, Faransawa suka shiga birni, sarki ya fice da waɗanda suka rage tare da shi. Ya yi makonni ana farautarsa, har aka cim masa a ƙauyen Rumji a tsakiyar watan Satumba, aka kashe shi. Shekara shida ke nan da hawansa gadon sarauta.

Faransawa suka naɗa ƙanensa, Amadu ɗan Bassa. Shi ma bai tsira ba: a 1906 suka zarge shi da ƙulla makircin tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi gudun hijira Kodebuwa. Birnin da Kuran Daga ya mutu yana karewa ya zama hedkwatar mulkin mallaka daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Har yanzu ana muhawara kan hukuncin da ya yanke a 1898. Wasu na ganin kisan baƙon da aka sauka kuskure ne da ya gaggauta faɗuwar daular. Wasu kuma na nuni da cewa Turawa sun riga sun raba yankin a takarda, don haka ko an kashe Cazemajou ko an sallame shi lafiya, Faransa na nan tafe.

Shekaru da dama sunan Cazemajou ne ke bisa dutsen da ke kallon Birni. A yau kuwa babbar makarantar lise ta Damagaram sunan Amadu Kuran Daga take ɗauke da shi, kuma ƴaƴanta da dama da ke zaune a Yamai, Kano, Aljeriya ko Faransa suna rubuta sunan a takardunsu na neman aiki.