ARTHUR CONINGHAM, BATUREN DA YA FARA SAUKE JIRGIN SAMA A KANO

Ranar Lahadi 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Maje Karofi, mutanen birni da na Fage suka ji wani irin rugugi daga gabas, alhali kuwa damina ta riga ta ɗauke, babu alamar hadari ko kaɗan. Ba a jima ba sai ga jiragen sama guda uku sun bayyana, suka sauka a filin sukuwa da ke bayan gari. Shugaban wannan ayari shi ne wani hafsan mayaƙan saman Ingila ɗan shekara 30, mai suna Arthur Coningham. Daga wannan rana ce ake ƙidaya tarihin zirga-zirgar jiragen sama a Nijeriya, wanda ya cika shekara 100 cif a 2025. Tarihin mutumin nan ya cancanci ma'aikata da ɗalibai su san shi, domin tun daga farkonsa har ƙarshensa a ɗaure yake da sha'anin iska da hazo da hadari.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Coningham a birnin Birisben ta ƙasar Ostareliya ranar 19 ga Janairu, 1895. Ubansa sanannen ɗan wasan kurket ne, amma wata shari'a da ya shiga ta zubar masa da mutunci, har ya kwashe iyalinsa ya ƙaura Niyu Zilan tun yaron yana ƙarami. A can ya tashi cikin rashin wadata, ya yi karatu a Kwalejin Walintan. Bai yi fice a aji ba, amma ya gwanance wajen hawan doki da harbi, kuma da ya bar makaranta aikin gona ya kama. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da kamun kai: ba ya shan taba, giya ma da ƙyar yake taɓa ta, kuma ba ya son ashar.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya shiga soja, aka kai shi tsibirin Samowa, daga baya kuma Masar cikin rundunar barade. Ciwo ya kayar da shi, likitoci suka ce ba shi da sauran ƙarfin aikin soja, aka sallame shi a 1916. Bai haƙura ba. Ya biya wa kansa kuɗin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya nemi a ɗauke shi cikin mayaƙan sama, aka kuwa ɗauke shi. A nan ne abokansa suka laƙaba masa sunan ƙabilar Mawori ta ƙasar da ya fito, laƙabin da bakin mutane ya juya ya koma Mary, ya bi shi har mutuwarsa. Ya yi yaƙi a Faransa, an ji masa rauni a 1917 da kuma 1918, ya fito da lambobin jaruntaka uku. Bayan yaƙi ya yi aiki a Iraƙi, sa'an nan aka mai da shi Masar.

Tafiyar Kano

A wancan zamani hukumar Ingila tana so ta gane ko zai yiwu a haɗa ƙasashen da take mulki a gabas da yammacin Afirka ta hanyar sama. Aka ɗora wa Coningham wannan nauyi. Ranar Talata 27 ga Oktoba, 1925, suka tashi daga sansanin Hilwan kusa da Alƙahira, cikin jirage uku samfurin DH.9A. Kowane jirgi mutum biyu yake ɗauka, fukafukansa biyu ne, sama da ƙasa, na katako da aka lulluɓe da zane mai kauri, injinsa ɗaya tak mai ƙarfin dawaki 400, matuƙi kuma a buɗe yake zaune, rana da ƙura suna dukansa. Wato in an kwatanta da na yau, ba su wuce ƙananan jiragen da ake koyon tuƙi da su ba.

Suka bi Kogin Nilu zuwa Wadi Halfa da Hartum, daga nan suka yi yamma, suka ratsa Kurdufan da Darfur da ƙasar Cadi da Barno, wato kusan hanyar da alhazanmu na dā suka riƙa bi da ƙafa da jaki, sai dai su sun biyo ta ne a juye. Abin da alhaji yake ci cikin watanni, wani ma shekaru, su suka ci shi cikin kwana shida. Muddin suna bin kogi hanya a fili take, amma da suka rabu da shi ba su da madogara sai kamfas da agogo da taswirar da ba ta cika daidai ba. Babu ofishin duba yanayi da zai gaya musu abin da ke gabansu, babu hasumiyar da za ta yi musu jagora.

Lokacin da tafiyar ta faɗo ya taimake su ƙwarai, kuma duk mutumin karkarar Katsina zai gane dalili. Manomin Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa ya san irin iskar da ke gaba da hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wadda ke tasowa daga gabas farat ɗaya, ta yaye rufin kwano, ta tumɓuke itace. Jirgin katako da zane ba zai iya da ita ba, ko yana sama ko yana ƙasa. Ya kuma san hazon tsakiyar hunturu, wanda kan sa mutum ya tsaya a bakin gari ya kasa hango duwatsun da ya saba gani kullum. Matuƙin da ba ya ganin ƙasa, ba ya kuma ganin inda sama ta haɗu da ita, ba zai san ko jirginsa a miƙe yake ko a karkace ba. Ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba kuwa suna tsakanin waɗannan biyu ne: ruwa ya ɗauke, filaye sun bushe sun yi tauri, hazo bai riga ya yi kauri ba. Saura zafin rana, wanda ke sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya bukaci dogon fili kafin ya ɗaga. Shi ya sa matuƙan ƙasashen zafi suka fi son sammako.

Daga Kano suka ƙarasa Kaduna, sa'an nan suka juya, suka isa Hilwan ranar 19 ga Nuwamba, bayan kwana 24 da tafiyar fiye da mil 5,000. Jiragen nan uku duka suka koma, mutanen ciki kuma ba a rasa ko ɗaya ba. Aka ba Coningham lambar girma ta mayaƙan sama saboda wannan aiki.

Amfanin hanyar

Ba a ɗauki lokaci mai tsawo ba amfanin hanyar ya fito. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, Italiya ta shiga a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari, sai Ingila ta koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi, wato Njamena ta yau, da Alfashir da Hartum, har Masar. Jirage fiye da 4,000 suka bi wannan hanya kafin tsakiyar 1943. Ayari-ayari ake tafiya, babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, ƙanana suna biye, kuma hazo da guguwar rairayi sun ci waɗansu daga cikinsu.

Wani abin lura shi ne, mutumin da yake jiran jiragen nan a ɗaya ƙarshen hanyar shi ne wanda ya fara share ta. Bayan ya koyar a kwalejin mayaƙan sama ta Kiranwel, ya yi aiki a Sudan daga 1932 zuwa 1935, ya kuma shugabanci wani rukuni na jiragen jefa bom a Ingila daga 1939, sai aka tura Coningham Masar a 1941 ya riƙe rundunar sama ta hamada. A nan ya kafa tsarin da ya sa sunansa ya shiga littattafan soja: a fara mallake sararin sama tukuna, a tara jirage ƙarƙashin shugaba ɗaya maimakon a rarraba wa kowane janar nasa, kuma hedkwatar mayaƙan sama ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ta sojan ƙasa. Tsarin ya yi aiki a yaƙin Al'alamain a 1942, aka ba shi sarautar Sir, Amurkawa ma suka ɗauki tsarin a 1943. Sai dai bai ji daɗin zama da Janar Montgomery ba, don yana ganin janar ɗin ya kwashe yabo shi kaɗai.

A 1944 shi ne ya ja ragamar rundunar saman Ingila da ta tallafa wa sojan ƙasa a saukar Nomandi ta Faransa. Nan ma yanayi ne ya yi hukunci. An shirya saukar ranar 5 ga Yuni, amma masana yanayi suka ba da labarin iska da gajimare, dole manyan janarori suka ɗaga zuwa 6 ga wata. A Disamba na wannan shekara kuma Jamusawa suka fake da hazo mai kauri suka kawo hari a dajin Ardan, jirage suka yi kwanaki a ƙasa ba su iya tashi ba sai da gari ya washe. Coningham ya yi ritaya a 1947 da muƙamin Iya Mashal.

Tafiyar ƙarshe

A ƙarshen Janairu, 1948, ya shiga wani jirgin fasinja mai inji huɗu samfurin Avro Tudor, mai suna Star Tiger, daga Landan zuwa tsibirin Barmuda. A wannan karo fasinja ne kawai, ba shi da ta cewa a kan tuƙi. Tun a hanyar Lisbon na'urar ɗumama jirgin ta ba da wahala, kamfas ɗaya kuma ya sami tangarɗa. Da suka sauka a Santa Mariya cikin tsibiran Azoris don shan mai, rahoton yanayi bai yi kyau ba, sai kyaftin ya yanke shawara su kwana.

Kashegari, Alhamis 29 ga wata, da yamma suka tashi da fasinja 25 da ma'aikata 6. Tsakaninsu da Barmuda kusan mil 2,000 ne na tsagwaron teku, babu wurin ratsewa. Don guje wa iska mai ƙarfi da ke busowa daga gaba a can sama, aka tsara jirgin ya yi tafiyar duka a ƙafa 2,000 kacal bisa ruwa. Iskar ta fi ƙarfin yadda aka yi hasashe, ta rage musu gudu, ta karkatar da su daga hanya, mai kuma yana ta ƙonewa. Wajen ƙarfe 3:15 na dare mai rediyon jirgin ya nemi Barmuda ta faɗa masa inda yake, aka faɗa masa, ya amsa ya ji. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wani jirgin kamfanin da ya riga su tashi da sa'a guda ya sauka lafiya. Aka yi kwana biyar ana nema, ko tsinke ba a samu ba. Coningham yana da shekara 53, kuma labarin ɓacewarsa ya faɗo rana ɗaya da kisan Mahatma Gandhi a Indiya, wato 30 ga Janairu.

Kwamitin bincike da aka kafa ƙarƙashin Lord Macmillan bai iya gano musabbabin abin ba. Daga baya marubuta suka yi ta ƙulla tatsuniyoyi game da tekun Barmuda, amma abin da ke rubuce a fili ya isa darasi: doguwar tafiya da dare, iska a gaba, mai daidai wa daida, ga kuma jirgi kusa da ruwa, inda kuskure kaɗan ko tangarɗar inji ba ta barin lokacin gyara. Da wani jirgin irinsa ya sake ɓacewa a Janairu, 1949, sai aka hana samfurin ɗaukar fasinja.

Filin jirgin saman Kano, mai sunan Malam Aminu Kano, shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, kuma har yau hazon hunturu kan hana jirage sauka a cikinsa. A kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sanin yanayi yana cikin darussan da ɗalibi ba ya samun lasisi sai ya ci su. Haka kuma a manyan tarurrukan masu ƙananan jirage na sha'awa, irin wanda ake yi kowace shekara a Oshkosh ta Amurka tun 1970, inda dubban jirage ke haɗuwa a fili ɗaya, ƙa'idar ba ta sauya ba: matuƙi ya karanta rahoton yanayi kafin ya tashi, ya ɗauki mai fiye da bukatar hanya, ya ɗaure jirginsa da kyau in ya sauka, kuma in hadari ko hazo ya tare gaba ya juya, ko da kuwa taron zai watse bai iso ba. Da irin wannan lura ce Coningham ya kawo jirage uku na katako Kano ya kuma mai da su gida, a zamanin da ba shi da mai ba shi rahoto sai idonsa.