Labarin Likita Hashimoto Da Maƙoƙon Goggona

Ni mutumin Masaka ne, garin nan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Bara da muka tashi hutu na koma gida, sai na tarar wuyan goggona, wadda ta yi renona, ya kumbura. Mu dai mun san maƙoƙo tun muna yara, ba mu ɗauke shi wani abin tsoro ba. Amma nata ya yi tauri kamar goruba, ga kasala, ga jin sanyi ko da rana tsaka. Muka kai ta asibiti a Abuja. Likita ya taɓa wuyan, ya ce taurin nan bai kwanta masa a rai ba, sai an gwada. Aka ɗibi jininta, aka kuma soka siririyar allura a wuyan aka zuƙo ɗan abin da ke ciki, aka shafa a gilashi, aka aika ɗakin gwaji. Kwana goma muna jira, ba mai cin abinci da daɗi a gidanmu, gama kowa ya san abin da a ke tsoro, watau ciwon daji. Da takarda ta fito sai aka ce ba daji ba ne, wata cuta ce mai suna Hashimoto, ba kuwa sai an yi mata fiɗa ba, ƙwaya ɗaya kowace safiya ta isa.

Sunan nan ya tsaya mini a rai. Da na dawo makaranta na bincika, ashe sunan mutum ne. Shi ne na ga ya kamata in ba ku labarinsa, 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko sai mu san wurin da a ke magana. A gaban maƙogwaro akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiransa tayiroid. Shi ke fitar da sinadarin da ke daidaita ɗumin jiki da kuzarinsa. In ya kumbura, shi ne maƙoƙo. Galibi rashin aidin a abinci ke kawo shi, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya. Amma ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba, a nan kuwa aikin mutumin namu ya shigo.

An haifi Hakaru Hashimoto ran 5 ga watan Mayu, 1881, a wani ƙauye cikin yankin Iga, a ƙasar Japan. Gidansu gidan likitoci ne tun kakanni. A 1903 ya shiga sabuwar makarantar likitoci ta Fukuoka, wadda yanzu ta ke cikin Jami'ar Kyushu, ya fita a 1907 cikin ɗaliban farko. Sa'an nan ya zauna sashen fiɗa a ƙarƙashin Shehun Malami Hayari Miyake, daga 1908 zuwa 1912.

A can ne aka yi wa waɗansu mata huɗu, dukansu manya, fiɗar maƙoƙo mai tauri. Hashimoto ya ɗauki naman da aka cire, ya yanka shi siriri fiye da bawon albasa, ya rina, ya sa a ƙarƙashin madubin likita. Abin da ya gani bai yi kama da daji ba, bai kuma yi kama da maƙoƙon da aka saba ba. Ya ga fararen ƙwayoyin jini sun cika naman, har sun taru gungu-gungu kamar yadda su ke a cikin kaluluwa. Ya ga ƙwayoyin tayiroid ɗin sun sake kama, waɗansu sun lalace, zare-zaren tabo kuma ya ratsa ko'ina. A 1912 ya buga abin da ya gani a wata mujallar likitocin fiɗa ta Jamus, da Jamusanci, shafi 30, ya ce wannan cuta ce dabam.

To, manya ba su karɓa nan da nan ba. Tun 1896 wani likitan Jamus, Bernhard Riedel, ya riga ya bayyana wani maƙoƙo mai tauri kamar ƙarfe, wanda kan manne wa naman da ke kewaye da shi. Sai da yawa suka ce abin da Hashimoto ya gani mafarin cutar Riedel ne kawai, ko da shi ke shi kansa ya gwada su cikin takardarsa ya nuna bambancinsu.

Shi kuwa ya tafi Jami'ar Göttingen a Jamus don ƙarin ilmi. Yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, Japan kuwa tana gefen Ingila, tilas ya bar Jamus. A 1916, yana da shekara 35, ya koma ƙauyensu ya karɓi asibitin gidansu. Ya riƙa zagaya marasa lafiya gida-gida a cikin keken nan da mutum ke ja, matalauta kuwa ba ya karɓar kuɗinsu. Wajen duba wani mai ciwo ya ɗauki zazzaɓin taifod, ya rasu ran 9 ga Janairu, 1934, yana da shekara 52.

A 1931 waɗansu likitoci biyu a Cleveland ta Amurka, Graham da McCullagh, suka tabbatar cutar nan dabam ta ke da ta Riedel, daga nan sunansa ya fara bazuwa. Dalilinta kuwa sai a 1956 aka gane, shekara 22 bayan rasuwarsa, sa'ad da Deborah Doniach da Ivan Roitt da abokan aikinsu a Landan suka samu a jinin masu ciwon cewa sojojin jiki ne suka juya suna yaƙar tayiroid ɗin mai su. Irin gwajin jinin da aka yi wa goggona ke nan. Yanzu akwai titi mai sunansa a Jami'ar Kyushu.

Me ya sa wannan rarrabewa ta ke da nauyi haka? Domin a waje kumburin wuya duk ɗaya ne, a cikin madubi ne a ke sanin wanda za a yanka da wanda za a bari. Akwai waɗansu ƙari na tayiroid da ba a cika gani ba, masu wuyar ganewa. Ɗaya sunansa limfoma, daga fararen ƙwayoyin nan ya ke tasowa, galibi kuwa a wuyan da ya daɗe da cutar Hashimoto, ko da shi ke kaɗan ne ƙwarai cikin masu ita ke samunsa. Yana girma da sauri, har ya kan yi kama da wani mugun daji na tsofaffi, amma shi limfoma yana jin magani, don haka a kan yi rini na musamman a tantance. Na biyu sunansa medulari, wanda Likita John Hazard da abokansa suka ware a Cleveland a 1959. Shi yana fitar da wani sinadari, kalsitonin, da a ke aunawa a jini, kuma wajen ɗaya cikin huɗu na masu shi gadonsa suka yi, saboda haka in an gane shi sai a gwada 'ya'ya da 'yan'uwa tun da wuri. Akwai kuma waɗansu manyan ƙwayoyi da Max Askanazy ya bayyana a 1898, a kan gan su a cutar Hashimoto, a kan kuma gan su a wani irin ƙari. Mai duba gilashi in ya yi garaje, sai a yanka wuyan da ƙwaya ta ishe shi, ko a sallami wanda ke bukatar fiɗa.

'Yan'uwa, yawancinmu ƙauye za a tura mu in mun gama, can kuwa malamin makaranta shi a kan fara tambaya. In aka nuna muku kumburin wuya mai tauri, ko mai girma da sauri, ko murya ta dishe, ko haɗiya ta yi wuya, kada ku bari a kai wa wanzami ya tsaga. Ku ce a tafi asibiti, a kuma yi haƙuri a jira takardar gwaji komai daɗewarta. Hashimoto mata huɗu kaɗai ya duba, amma ya duba su da kyau, ya rubuta iyakar abin da ya gani, bai kuwa raina aikin ƙauye ba. Goggona tana nan Masaka tana shan ƙwayarta, ta koma sayar da ƙosanta a bakin titi. Likita ya ce a riƙa kai ta ana dubawa, ni kuwa na ɗauki wannan a wuyana duk hutu.