MARIGAYI ALHAJI (DR.) MAMMAN SHATA KATSINA: MAWAƘIN DA YA RIƘE AKWATIN REDIYO SHEKARA ARBA'IN

A ƙasashen Turawa akwai al'adar fitar da jeri kowane mako na faya-fayen da suka fi kasuwa, a ce wannan ne na ɗaya, wancan ne na biyu. A Ingila an fara wannan lissafi a 1952. Mu a nan Arewa ba a taɓa yi mana irin wannan jeri ba, amma muna da namu ma'auni. Waƙar da ta yi fice ita ce wadda ake yawan nema a shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, wadda direbobi ke sakawa a tasha, wadda mai shayi ke ƙure wa murya da sassafe. Idan aka auna da wannan mudu, tun daga shekarun 1950 har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya wuce babu wanda ya daɗe a kan gaba kamar Alhaji Mamman Shata. Da yake a Funtuwa ya yi mafi yawan rayuwarsa ta girma, ya dace mujallarmu ta bana ta tuna da shi, musamman saboda 'ya'yanmu da suka taso suna jin muryarsa a waya ba su san ko wane ne ba.

An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Ya yi karatun allo kamar sauran yara, bai shiga makarantar boko ba. Da ya tasa sai ya kama tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa, yana bin kasuwannin ƙauyuka. A wajen talla da kuma dandali aka fara jin muryarsa, a lokacin da samari da 'yan mata ke wasan asauwara.

Abin lura a nan shi ne Shata bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba, domin a ganin mutanen wancan zamani roƙo sana'a ce ta waɗanda suka gada, kuma abin kunya ne ɗan gidan da ba na maroƙa ba ya ɗauke ta. Manyan makaɗan lokacin, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, kowannensu yana da ubangida a fada, yana da kayan kiɗan da aka sani na sarauta, kotso ko taushi. Shata kuwa da kalangu ya fito, wato kiɗan mahauta da 'yan mata, wanda ba a kai shi gaban sarki. Duk wanda bai fahimci wannan bambanci ba, ba zai gane girman abin da ya yi ba. Ya ɗauki gangar dandali ya shiga da ita zauren sarakuna, sa'an nan ya ƙi zama mawaƙin fada ɗaya.

Bayan ya bar Musawa ya zauna a Bakori, kuma ya yi ta yawo tsakanin Katsina da Kano da sauran garuruwa. Tauraronsa ya fito sosai a 1952, a wani gagarumin biki da aka yi a Kano wanda ake kira Bikin 'Yan Sarki, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya ya kafa gida a Funtuwa, inda ya zauna kimanin shekara arba'in. Garin ya dace da shi: ga jirgin ƙasa, ga cinikin auduga, ga hanyoyin mota da suka haɗu daga Zariya da Gusau da Katsina, ga baƙi daga ko'ina.

Zuwansa ya yi daidai da zuwan na'ura, kuma wannan yana cikin sa'arsa. Da farko faifan garmaho ne, wanda sai gidan mai hali. Sai rediyo ta yawaita, musamman bayan an buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962. A shekarun 1970 kaset ya shigo, rikoda ta shiga hannun talaka, aka riƙa kwafar waƙa daga wannan kaset zuwa wancan ba tare da an tambayi kowa ba. Kamfanoni irin su EMI sun buga masa faya-fayai, amma mafi yawan abin da mutane suka saurara a gidajen rediyo aka ɗauka, ko a wurin biki. Da wuya ya ci ribar kaset gwargwadon yadda aka sayar da shi. Dukiyarsa ta fito ne daga hannun waɗanda ya wasa, wato motoci da dawaki da tufafi da kuɗi, kuma an san shi da saurin rabar da su.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne a kunne, mai wuya a kwaikwaya. Amshi ɗaya ne gajere, makaɗa su yi ta maimaita shi, shi kuma ya yi ta zuba ɗiya a kai yadda ya ga dama. Ba ya zama ya tsara waƙa a gida, a fili yake ƙirƙirar ta. Shi ya sa za a ji waƙa ɗaya a kaset uku, kowanne da abin da babu a ɗayan. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake kirarin kansa, ita ce babbar shaida, domin kusan duk inda ya yi ta sai ya ƙara mata wani abu. Shi da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba.

Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Hassan Sarkin Dogarai da Garba Bichi da Ummarun Ɗandanduna da Sarkin Bori Sule. Da yawa daga cikin waɗanda ya wasa, ba don shi ba da yanzu ba a san sunansu a wajen garinsu ba. Ya yi wa Dajin Rugu waƙa, ya yi wa kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika duniyar wata a 1969. A lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa, ya kuma yi kira ga 'yan Arewa su farka su nemi na kansu. Yana da waƙar begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har yau ake saka ta.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, domin tarihi ba yabo ba ne kaɗai. Ya yi waƙar shan giya wadda malamai suka yi tir da ita, kuma mu da muka riƙe makarantu ba mu yarda yara su rera ta ba. Zambonsa kuma yana da zafi ƙwarai. Wanda ya saɓa masa yakan wayi gari ana rera aibinsa a kasuwa, kamar yadda waƙar Gagarabadau ta nuna, kuma irin wannan tabo har ga 'ya'ya yake kaiwa. Wasu sun ba shi kyauta don ƙauna, wasu kuwa don tsoron bakinsa.

Ya taɓa siyasa. An zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya shiga GNPP a Jamhuriya ta Biyu, ya kuma shugabanci SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku, har saɓani da manyan jam'iyya ya raba shi da kujerar. Mutumin da bai saba a ba shi umarni ba da wuya ya daɗe a wannan fage.

Masana sun gane darajarsa tun yana raye. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Bayan rasuwarsa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006.

Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a asibiti a Kano bayan doguwar jinya, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Saura batun da ya shafe mu kai tsaye. Abin da ke yawo a YouTube da wayoyin matasa kaɗan ne daga cikin abin da ya bari, kuma sau da yawa an yanke waƙar, ko an sa mata sunan da ba nata ba. Sauran na cikin tsofaffin kaset a akwatunan gidajenmu, zafi da ƙura suna cin su, kuma idan mai gida ya rasu magada kan zubar da su. Dattawan da suka san inda aka yi kowace waƙa da dalilin yin ta su ma suna ƙarewa. Muna ba kwamitin ilmi na ƙungiya shawara ya ware ɗaki guda da ɗan kuɗi a kasafin baɗi, a tattara waɗannan kaset da faya-fayai, a juye su a kwamfuta, a rubuta wa kowace waƙa wuri da shekara gwargwadon abin da aka sani. Duk wanda ke da wani abu a ajiye ya sanar da sakatare kafin taron shekara mai zuwa. Za a kwafa a mayar masa da kayansa.