Tarihin Jay Miner, uban kwamfutar Amiga

An haifi Jay Glenn Miner ran 31 ga watan Mayun shekarar 1932 a garin Prescott na jihar Arizona da ke Amurka. Ya karanci injiniyancin lantarki a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, daga bisani ya kama aiki da kamfanin Atari, inda ya jagoranci ƙera sashen da ke zana hoto a na'urar wasanni ta Atari 2600, wadda ta fito a 1977.

A shekarar 1982 ne Miner da abokan aikinsa suka kafa kamfanin da aka sani daga baya da suna Amiga. Ƙarancin kuɗi ya sa kamfanin Commodore ya saye shi a 1984, kana a watan Yulin 1985 aka gabatar da kwamfutar Amiga 1000 a birnin New York.

A wancan zamani akasarin kwamfutocin gida da akwatin talabijin ake haɗa su, alhali kuwa duniya ba ta kan tsari guda. Tsarin NTSC na Amurka yana da layuka 525, yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, shi kuwa PAL na Jamus da SECAM na Faransa layuka 625 ne, sau 50. Wannan rarrabuwa ta iso har Afirka ta Yamma, domin Nijeriya PAL ta bi, yayin da jamhuriyar Benin, wadda ke iyaka da yankin Bagudo na jihar Kebbi, ta ɗauki SECAM.

Miner ya gina Amiga ne bisa lissafin talabijin na Amurka, inda tsayin hoto kan kai layuka 200, amma a injinan Turai yakan kai 256. Saboda haka wasan da aka rubuta a Amurka kan bar baƙin fili a ƙasan allo idan ya je Turai, ya kuma rage gudu. Na Turai kuwa sai gindin hotonsa ya yanke a Amurka. Ala tilas masu rubuta manhaja suka koyi sa ta binciki irin injin da take kai kafin ta tsayar da girman allo.

Abin mamaki shi ne, a Turai ne Amiga ta fi samun kasuwa, musamman Birtaniya da Jamus bayan fitowar Amiga 500 a 1987.

Miner ya kuma yi aikin ƙera na'urorin daidaita bugun zuciya. Ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, kuma ya mutu ran 20 ga watan Yunin 1994 yana da shekaru 62, ƙasa da watanni biyu bayan durƙushewar kamfanin Commodore.