Alhaji Alhassan Ɗantata, Attajirin Goro Da Gyaɗa

A jami'o'inmu ana koya wa samari ilmin ciniki tsakanin ƙasashe, watau yadda kasuwar wata ƙasa mai nisa take yanka wa manominmu kuɗin amfanin gonarsa. Alhaji Alhassan Ɗantata bai zauna ajin wannan ilmi ba, amma a kansa ya kafa dukiyarsa.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano cikin 1877, a zuriyar Agalawa, fatake masu zuwa Gwanja. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, wata baiwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan ya bi shi.

A wancan zamani ayarin goro ta ƙasarmu yake ratsawa. Fatake su taso daga Kano, su ya da zango a Jega, su haye Kwara, su nufi Gwanja. Zuwa da komowa kan ci watanni, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, goro kuwa ba ya son daɗewa a hanya. Ɗantata ya lura jirgin ruwa ya fi jaki sauri da araha, sai ya riƙa ɗora goronsa daga bakin tekun ƙasar da yau ake kira Gana zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsohuwar hanya ta soma mutuwa, mu kuwa mutanen Birnin Kebbi da Jega kakanninmu suka ga zangunansu sun yi tsit. Wannan gefen labarin ba mu cika gaya wa yaran makaranta ba, ko da yake shi ya fi shafarsu.

Sa'an nan ga gyaɗa. Masana'antun Turai suna bukatar manta don abinci da sabulu. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi ya riƙa saya masa, shi kuma ya baza yaransa ƙauyuka, yana ba su jari tun kafin kaka. Ana ba da labari cewa da banki ya buɗe a Kano a 1929, raƙuma 20 suka kai masa kuɗinsa na azurfa ajiya. Cikin wannan shekara kasuwannin duniya suka faɗi, kuɗin gyaɗa ya karye, har manomin da bai taɓa jin sunan Libaful ba ya rasa na haraji. Attajirai da yawa sun durƙushe, Ɗantata bai durƙushe ba.

Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwarsa, Sarari.